Yadda Ake Tantance Takardun Karatu Don Neman Zama a Kanada: Mataki-mataki Daga Katsina

Tun da ƙanena ya karɓi rahoton tantance digirinsa, tambaya ɗaya ce ke ta bina, wasu ta waya, wasu a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura bayan sallar Isha'i: "Malam, wannan WES ɗin ta ina ake fara shi?" WES ɗaya ce daga cikin hukumomin da ke tantance takardun karatu ga mai son fita waje. Na gaji da maimaita amsa guntu-guntu, shi ya sa na ce bari in zauna in jera abin daga farko har ƙarshe. Zan fi tsayawa kan Kanada, domin ita ce akasarin masu tambaya ke nufi. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, hukumar tantancewa ba ita ke cin lokaci ba. Takardarka da ke kwance a ofishin makarantar da ka gama, da harafi ɗaya da ya bambanta a sunanka, su ne ke mayar da aikin wata biyu ya koma na shekara.

1. Yi lissafin makinka kafin ka kashe ko kwabo

Kanada tana ɗaukar ƙwararrun ma'aikata ta tsarin Express Entry, kuma da maki ake tsere. Wanda ya yi karatu a wajen Kanada ba ya samun makin ilimi sai ya kawo rahoton da ake kira ECA, wanda ke cewa digirinka na Katsina ko Zariya daidai yake da wane mataki a can.

Ga yadda makin ilimi yake ga wanda zai tafi shi kaɗai: sakandare 30, karatun shekara ɗaya bayan sakandare 90, na shekara biyu 98, digirin farko ko karatun shekara uku 120, shaida biyu ko fiye (in ɗaya ta kai shekara uku) 128, digiri na biyu 135, digiri na uku 150. Mai tafiya da iyali makinsa yana ɗan raguwa: digirin farko 112, na biyu 126. Shekaru ma suna da nasu. Daga 20 zuwa 29 maki 110 ne, a 30 ya sauka 105, a 35 ya koma 77, a 45 kuwa babu ko ɗaya. Ma'aikatar shige da fice ta Kanada, IRCC, tana da na'urar lissafin maki kyauta a shafinta. Zuba bayananka, ka kwatanta da makin da aka ɗiba a zagayen baya-bayan nan.

Gargaɗi: hangen Dala ba shiga birni ba ne. Rahoton ECA ba biza ba ne, ba kuma lasisin aiki ba ne. Idan lissafi ya nuna kana ƙasa sosai, gara ka fara tunanin yadda za ka ɗaga makin Turanci ko ka koyi Faransanci, maimakon ka zuba kuɗi a rahoton da zai kwanta a cikin akwati.

2. Zaɓi hukumar da za ta tantance

IRCC ba ta karɓar rahoton kowa sai na hukumomin da ta amince da su. Na gama-gari biyar ne: WES, ICAS, CES ta Jami'ar Toronto, IQAS ta lardin Alberta, da ICES ta lardin British Columbia. Rahotonsu duk ɗaya yake a wurin gwamnati. Yawancin 'yan Najeriya WES suke bi, kuma dalilin a fili yake: ma'aikatan jami'o'inmu sun saba da ita, ka ambaci sunanta ba sai ka yi dogon bayani ba.

Sana'o'i uku suna da ƙofarsu daban. Likita zai bi ta Medical Council of Canada. Mai haɗa magunguna da ke son aiki da lasisi zai bi ta Pharmacy Examining Board of Canada. Mai zanen gine-gine kuma, tun 2024, akwai Canadian Architectural Certification Board. Likitan da ya biya WES kan digirinsa na likitanci, alhali aikin likita ya rubuta a matsayin sana'arsa, ya yi aikin baban giwa.

Gargaɗi: WES tana da ɓangaren Amurka da ɓangaren Kanada, kuma a ɓangaren Kanada ma akwai rahoton neman makaranta, akwai na neman aiki, akwai na shige da fice. Wanda kake so shi ne mai ɗauke da sunan IRCC. Kada kuma ka rikita wannan da tantancewar da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ke yi a Abuja. Waccan ta wanda ya yi karatu a waje ce, ya dawo yana son bautar ƙasa ko aiki a Najeriya. Kanada ba ta aiki da ita.

In ba Kanada ka nufa ba, ƙofofin sun bambanta: Birtaniya Ecctis ce, Jamus kundin anabin da ofishin ZAB, Ostireliya kuma kowace sana'a da hukumarta, kamar VETASSESS da Engineers Australia. Amma aikin fitar da takarda daga makaranta, wanda shi ne jigon wannan rubutu, kusan iri ɗaya ne ko'ina.

3. Baje takardunka a tabarma, ka duba suna harafi-harafi

Nan ne mu Hausawa muka fi faɗawa rami, saboda haka zan daɗe a nan.

Ɗauko fasfo, katin NIN, sakamakon WAEC ko NECO, satifiket ɗin digiri ko difloma, da takardar haihuwa. Jera su ka karanta kamar ba naka ba. A firamare malami ya rubuta maka Mohammed, a sakandare ka koma Muhammad, a jami'a aka taƙaita Muh'd. Wani a WAEC sunan garinsu ne sunansa na ƙarshe, Daura ko Malumfashi ko Kankiya ko Mashi, amma da ya je yin fasfo sai ya sa sunan kakansa. Wata kuma A'isha ce a nan, Aishatu a can, bayan aure kuma ta ɗauki sunan miji. Mu a gida mun san mutum ɗaya ne. Ma'aikacin da ke zaune a Ontario bai sani ba, kuma ba aikinsa ba ne ya yi hasashe.

Na ƙanena haka ya kasance. Satifiket ɗinsa yana ɗauke da suna uku, na ƙarshe sunan garinmu. Fasfonsa suna biyu ne kawai. Na ce masa, "Kai, wannan fa sai an gyara." Ya ce, "Haba Yaya, ai kowa ya san ni ne." Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: sai da muka je kotu muka yi takardar rantsuwa, muka buga sanarwa a jarida, kuma duk wannan da an yi shi tun farko da ba a rasa makonni ba.

Abin yi shi ne ka ɗauki fasfo a matsayin uwa. Sunan da ke cikinsa shi za ka rubuta a wurin buɗe asusu a shafin hukumar tantancewa, yadda yake, ba ƙari ba ragi. Akwai gurbin da ake tambayar sunan da ke kan takardun makaranta idan ya bambanta. Cika shi, kada ka tsallake. Sannan ka tanadi shaidar da ke haɗa sunayen biyu: takardar rantsuwa daga babbar kotu, sanarwar jarida, ko takardar aure ga mace. Idan kuskuren daga makaranta ne, misali an juya harafi a satifiket, can za ka koma a gyara kafin a aika komai.

Ranar haihuwa ta fi suna haɗari. Da yawa an rage musu shekaru a wata takarda saboda bautar ƙasa ko neman aiki. Idan ranar da ke fayil ɗinka na jami'a ta saɓa wa ta fasfo, warware wannan yanzu, ta hanyar da doka ta tanada.

Gargaɗi: kada ka yarda wani ya "gyara" maka takarda a kwamfuta. Dokar Kanada tana hana wanda aka kama da bayanin ƙarya ko takardar jabu shiga ƙasar na shekara 5, kuma hukumar tantancewa tana komawa makaranta ta tabbatar.

4. Yanke shawarar wace shaida za ka aika

A ƙa'ida, mafi girman karatunka kaɗai ake buƙata. Mai digiri na biyu ba lallai ne ya tantance na farko ba, sai dai idan jerin buƙatun da hukumar ta fitar masa ya nema. Amma ga wata dabara da mutane ke tsallakewa. Wanda ke da digiri, ya kuma ƙara da difloma ta bayan digiri, irin PGD ko PGDE da malamai da yawa a Katsina suka yi, ya aika duka biyun. A ido bambancin maki 8 ne kawai, 120 da 128. Sai dai akwai wani kaso da ke haɗa ilimi da ƙarfin harshe: mai shaida ɗaya da ya kai matakin CLB 9 a Turanci (CLB ma'aunin ƙwarewar harshe ne na Kanada) yana samun ƙarin 25, mai shaida biyu kuwa 50. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke bakin layi.

Masu babbar difloma, HND, su tanadi takardun ND ma, domin a kanta aka ɗora. Idan a kwalejoji biyu ka yi su, misali ND a Hassan Usman Katsina, HND a Kaduna, kowace za ta aika nata. Masu NCE da suka ƙara digiri su ma shaida biyu gare su. WES tana da wata na'ura ta kyauta da ke ba ka hasashen matakin da za a ba karatunka. Gwada ta kafin ka biya, amma ka sani hasashe ne, ba hukunci ba.

Idan digirin a kwalejin ilimi ka yi shi ƙarƙashin wata jami'a, duba tambarin da ke kan satifiket. Jami'ar da ta ba da digirin ita ce mai magana, ko da ba ka taɓa kwana a garin da take ba.

Matarka ma, idan ta yi karatu, tantance nata yana iya ƙara muku har maki 10. Wani lokaci ma lissafi yakan nuna ita ta fi dacewa ta zama jagorar takardar, saboda ta fi ƙarancin shekaru ko ta fi Turanci. Na ga magidanta da wannan maganar ba ta yi musu daɗi ba, amma na'ura ba ta san girman kai ba.

Takardar bautar ƙasa ba shaidar karatu ba ce, ajiye ta. Haka takardun bita na kwana uku ko mako biyu. Sannan ka tabbatar ka karɓi ainihin satifiket; wanda har yanzu takardar sanar da sakamako ta wucin gadi yake riƙe da ita tun shekarar da ya gama, ya je ya karɓo na asali.

5. Buɗe asusu, ka biya, ka karɓi lambar fayil

Tun ran gini ran zane. Wannan matakin dole ya riga zuwa makaranta, amma mutane da yawa suna juya shi: su fara biyan tiranskirif, wato takardar makin kwasa-kwasan da suka yi, a aika ba lamba, takarda ta isa Kanada ta rasa mai ita.

Buɗe asusun da imel ɗinka na kanka, wanda kake dubawa kullum, ba na yaron shagon kwamfuta ba. Cika sunan makaranta, sunan digiri yadda yake a satifiket, shekarar shiga da ta gamawa. Idan yajin aiki ya sa zangon karatunku ya zarce, rubuta abin da takarda ta ce, ba abin da ka tuna ba. Bayan ka biya za a ba ka lambar fayil. Rubuta ta a takarda, ka ajiye a waya, ka tura wa wani amintacce. Duk wata takarda da za ta tafi sai da ita.

Batun kuɗi: ana biya da dalar Kanada ne, ba ta Amurka ba, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce, saboda haka kada ɗan canji ya lissafa maka da ta Amurka. Kuɗin rahoton ya haura dala 200, sannan a ɗora haraji da kuɗin aiko maka da kwafin takarda. Farashin yana ƙaruwa lokaci-lokaci, shafin hukumar ne zai nuna maka na ranar. Katin naira yakan yi gardama wajen biyan waje, ko ya ci karo da iyakar da banki ya sa. Tambayi bankinka tun kafin ka zauna. In ya ƙi, katin asusun dala ko na ɗan'uwa da ke waje yana yi, ba sharaɗi ba ne sunan mai katin ya zama naka.

Daga nan sai ka buɗe jerin takardun da ake buƙata na ƙasar da ka yi karatu, ka buga shi a takarda. Shi ne alƙalinka, ba abin da wani ya gaya maka a WhatsApp ba, domin buƙatun suna canzawa. Idan jerin ya nemi WAEC ko NECO, yadda za ka tura shi yana rubuce a wurin. Sayi sabuwar lambar duba sakamako, kada ka ba da wadda aka cinye.

6. Fitar da tiranskirif daga makaranta

Ga inda aikin yake. Tiranskirif ita ce takardar da ke ɗauke da kowane kwas da ka yi da makin da ka ci, daga ajin farko zuwa na ƙarshe. Sharaɗin shi ne makaranta ce za ta aika da kanta. Kwafin ɗalibi da ke hannunka, komai kyan hatiminsa, ba ya aiki.

Tsarin kusan ɗaya ne ko a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ka yi, ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, ko Al-Qalam, ko ABU, ko Bayero, ko Danfodiyo. Ka nema a rubuce ko ta shafin makarantar, ka biya, sashenku ya tattaro sakamako, ofishin jarrabawa da adana bayanai ya buga, magatakarda ko wakilinsa ya sa hannu, a aika. A makarantun gwamnatin tarayya biya ta Remita ake yi: ka fitar da lambar RRR, ka biya, ka riƙe rasit. Kuɗin aikawa waje ya fi na cikin gida, saboda haka ka faɗa tun farko cewa Kanada za ta, kada ka biya na gida a ce ka sake.

Abin da za ka miƙa: takardar nema, rasit, kwafin satifiket, lambar ɗalibi, fom ɗin neman tiranskirif da ka sauke daga asusunka ka cika rabinka, da adireshin hukumar kamar yadda yake a asusun, da lambar fayil a rubuce ɓaro-ɓaro.

Hanyar aikawa biyu ce. Wasu makarantu suna da yarjejeniyar turawa ta intanet kai tsaye. In taku tana da ita, bi ta nan, ta fi sauri kuma ba ta ɓata. In babu, ambulan ne: a rufe, a buga hatimin makaranta ko a sa hannu a kan bakin da aka liƙe, a rubuta lambar fayil a bayansa, a ba kamfanin aike irin DHL. Karɓi lambar bin saƙo. Wasiƙar gidan waya ta fi arha, amma idan ta ɓace ba ka da wanda za ka tambaya.

Gargaɗi: tura tiranskirif daga imel ɗin wani ma'aikaci na kansa, ko da shi ne shugaban ofishin, ba ya shiga. Haka ambulan da aka buɗe aka sake liƙewa. Kada son ganin makinka ya sa ka ɓare shi.

Yanzu ga gaskiyar da ba a rubuta a kowane shafi ba: zuwa da kai ya fi aike. Na ƙanena ya kwana wata guda ba motsi, kullum a waya ana cewa "ana kai". Ranar da ya yi sammako ya shiga mota ya je, sai ya tarar fayil ɗin ko sashensu bai bari ba, saboda makin kwas ɗaya na aji biyu ba ya cikin kwamfuta. Wani dattijon ma'aikaci ne ya tausaya masa. Ya ce masa, "Baba, don Allah a taimaka, daga Katsina na taso." Dattijon ya ce, "Yaro, zauna nan." Ya shiga wani ɗaki ya fito da ƙaton kundi mai ƙura, an ɗaure shi da igiya, suka yi ta buɗe shafi har suka kai ga shekararsu. Makin yana nan da biro, ba wanda ya shigar da shi. Ba don ya je ba, da har yau ana kai.

Saboda haka ka tambayi matakin da takardarka take, ba "an gama?" kawai ba. Tana sashe? Tana ofishin jarrabawa? Tana jiran sa hannu? Duk wanda ya gama kafin makarantarsu ta koma ajiye sakamako a kwamfuta ya sa ran wannan tafiyar. In da hali, ka roƙi a nuna maka kwafi kafin a rufe ambulan, ka duba abu huɗu: suna, lambar ɗalibi, shekarar gamawa, da darajar digiri, su yi daidai da satifiket. Ka tabbatar babu zangon da aka tsallake. Wanda ya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu da NCE ko difloma, takardar ta nuna haka, don kada a ga digiri na shekara uku ba bayani.

Ka kuma lura da kalanda. Lokacin yajin aiki ofisoshi a rufe suke, lokacin hutun Sallah da na ƙarshen shekara aiki yana tafiyar hawainiya. Idan ka ji ana maganar yajin aiki a labarai, kada ka jira.

7. Wanda ya yi karatu a Maraɗi, Sudan, Masar ko Kwatano

Katsinawa da Daurawa da yawa a waje suka yi digiri. Dokar ita ce ta ƙasar da ka yi karatun, ba ta Najeriya ba. Zaɓi waccan ƙasar a jerin buƙatu, ka bi abin da aka ce. Takardun Larabci sai an fassara su kalma da kalma, ta hannun makarantar ko ƙwararren mai fassara. Kai ba za ka fassara wa kanka ba ko da ka fi kowa Larabci a unguwarku. Na Faransanci sun fi sauƙi, tunda Faransanci harshen hukuma ne a Kanada.

Waɗanda suka yi Sudan, yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya tarwatsa ayyukan jami'o'i da yawa a Khartoum. Kafin ka biya, nemi tsofaffin ɗaliban makarantarku ka ji ta wace hanya ofishin magatakarda ke aiki yanzu. Na Kwatano da Togo kuma, tun da gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirorinsu a Janairun 2024, ido ya dawo kansu. Abin da hukumar Kanada ke dubawa shi ne ko gwamnatin waccan ƙasar ta amince da makarantar. Idan rahoto ya fito yana cewa ba amintacciya ba ce, maki sifili ne, kuɗi kuma ba ya dawowa.

8. Ɗora naka kason, ka sa ido

Satifiket kai za ka ɗora a asusunka idan jerin ya ce haka. A yi masa sikanin mai launi, gefe huɗu su fito, hatimi da sa hannu su karantu. Hoton waya da inuwar hannu ko walƙiyar leda a kai yakan dawo. Wanda ya manne satifiket ɗinsa da roba, kada ya yi ƙoƙarin ɓarewa, zai yage. A dai yi sikanin a hankali.

Daga nan jira ne. Kwanakin aiki da hukumar ta rubuta a shafinta ba sa fara ƙirguwa daga ranar da ka biya, sai ranar da aka karɓi dukan takardu aka amince da su. Leƙa asusun sau biyu a mako, ka riƙa duba akwatin tarkacen imel. Idan ka ga an dakatar da fayil ana jiran tabbaci daga makaranta, ma'anarsa an rubuta wa makarantarku ana tambaya ko ita ta aika. Wannan wasiƙar tana iya kwana a akwatin da ba mai buɗewa. Buga sanarwar, ka kai wa ofishin da ya aika, ka roƙi su amsa ta hanyar hukuma.

Lokacin jiran nan shi ne na karatun Turanci. Rahoton ECA yana aiki shekara 5, sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS shekara 2 kacal, saboda haka tantancewa ake farawa da ita. Nau'in General Training za ka rubuta, ba na shiga jami'a ba, a Kano ko Abuja. Mafi ƙaranci shi ne 6 a kowane ɓangare, amma CLB 9 da na ambata yana nufin 8 a sauraro, 7 a karatu, 7 a rubutu, 7 a magana.

9. Batun ejan

Duk abin da na lissafa, mai digiri zai iya yi da wayarsa. In ka ga dole sai ka biya wani, duba sunansa a rajistar College of Immigration and Citizenship Consultants, hukumar Kanada da ke ba masu ba da shawarar shige da fice lasisi, wadda kowa ke iya buɗewa kyauta, ko ka tabbatar lauya ne mai lasisi a Kanada. Kada ka ba kowa kalmar sirrin asusunka. Mai cewa zai sayar maka da takardar ɗaukar aiki don makinka ya tashi, ka sani tun 25 ga Maris 2025 aka cire makin tayin aiki daga lissafin.

10. Rahoto ya fito

Zai bayyana a asusunka kafin kwafin takarda ya iso. Karanta suna, ranar haihuwa, sunan makaranta, da layin da ke faɗin matakin da aka ba karatunka. In akwai kuskure, rubuta musu nan take. A shafin Express Entry, matakin da rahoton ya faɗa za ka zaɓa, ba wanda kake ganin ka cancanta ba. Idan an ce PGD ɗinka karatun shekara ɗaya ne bayan digiri, kada ka danna digiri na biyu. Za a nemi sunan hukumar, lambar rahoton, da ranar da aka fitar.

Bayananka suna zama cikin layi wata 12. In ba a kira ka ba, ka sake shigarwa. In an gayyace ka, kwana 60 gare ka ka miƙa komai, kuma dole rahoton ya kasance bai cika shekara 5 ba a ranar da ka miƙa. Rubuta ranar ƙarewarsa da ta IELTS a bangon fayil ɗin da kake ajiye takardun, ka tura kwafin rahoton zuwa imel na biyu, ka kuma ajiye rasit ɗin makaranta da lambar wayar ofishin da ya aika tiranskirif, domin ma'aikacin jinya ko malami ko injiniya zai sake komawa wurinsu idan ya zo neman lasisin aiki a lardin da ya sauka.